Shekarar Da Dije Ta Fara Gaishe Ni

Na gaji da jin abin da kuke faɗa a kan Gwaggonku Dije, shi ya sa na ɗauki biro. Kuna cewa mace ce mai riƙo, wai a kan ɗan wasan da bai taka kara ya karya ba ta ɗaure fuska shekara da shekaru. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Nafisa ma da kunnena na ji ɗayanku yana cewa hassada ce ke cin ta, don Allah ya buɗa mini. Wallahi sai da na ji kamar in tashi in zabga masa mari a gaban surukansa, duk da gemun da ya tara. To ku saurara, don ba zan maimaita ba. Ku bidiyon kawai kuka gani kuka yi dariya. Ba ku san abin da na saka a cikinsa ba, kuma mahaifiyarku ba za ta taɓa faɗa muku ba, saboda tana rufa mini asirin da ban cancanta ba.

Dije taubashiyata ce, 'yar ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji, ita 'yar mace, don haka a wasanmu ni ne ubangida, ita ce baiwa. A gida ɗaya muka tashi a Gyaɗi-Gyaɗi, tun ana noma gero a bayan gidajenmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Dije ta ce mini ina kwana ba. Gaisuwarta zagi ce, kuma zagin nan ya fi mini shayin safe. In na biyo ta ƙofar asibiti inda take suyar waina, tun daga nesa za ta ɗaga murya.

"Ku matsa, ku matsa, ga ubangidana nan da ko akuya ba shi da ita! Habu, wannan kunnuwan naka har yanzu ba su daina girma ba?"

"Ke baiwa, tashi ki goge mini takalmi."

"Takalmin aro? In goge mai shi ya zo ya ce na ƙarar masa da fata?"

Haka muke, a gaban nas-nas da ɗalibai da 'yan adaidaita, kowa yana ta dariya. Duk shekara kuma ranar cika-ciki, da hantsi, sai ta zo gidan nan da tsintsiya a hannu. Ta share ƙofar ɗakina sau biyu ko uku, sharar ƙeta, ƙasar ma kan ƙafata take turowa, sannan ta miƙa hannu in ba ta kuɗin shara. Komai na ba ta sai ta ɗaga shi sama ta nuna wa mutanen gida, ta ce ku dubi abin da matsiyacin ubangida ya iya. Kun ga wannan da idonku kuna yara. Abin da ba ku sani ba shi ne, Dije ba ta iya karatun boko ba, ko harafi ɗaya. An cire ta daga makaranta tana ƙarama don ta yi jinyar uwarta, ni kuwa aka bar ni. Abin yana mata ciwo fiye da yadda za ku zata, ga ta kuma tana sana'a a tsakiyar masu karatu. Sai ta samo dabara. Duk wanda ya miƙo mata takarda, sai ta shafa ƙirji, ta laluba gefen zani, ta ce, "Kash, na manta tabarau a gida, karanta mini." Ba ta taɓa mallakar tabarau ba. Takardar asibiti, wasiƙar makarantar 'ya'yanta, daga baya saƙon waya, duk wajena take kawowa, mu shiga zaure mu biyu in karanta mata. Ko mijinta marigayi bai sani ba. Ni kaɗai ta yarda da shi, don ni ne wanda ba ta jin kunyarsa.

Ni kuwa kun san sana'ata. Allah ya ba ni kunne da baki: in na zauna da mutum na ɗan lokaci, zan tashi da muryarsa da tafiyarsa da yadda yake soshe ƙeya. Shekaru da yawa ina wasan barkwanci a ƙarƙashin Malam Sabo, darakta, wani siririn mutum mai ciwon ƙafa da ba ya dariya ko da kowa ya faɗi ƙasa. Shi ke tsara wasa, 'yan kasuwa su buga faifai su sayar, mu kuma a ba mu abin da aka ga dama. Na tsani tsarin nan, kuma na tsani Malam Sabo a kan abu ɗaya. Sai na zo da kwaikwayon da na san zai kashe mutane da dariya, sai ya ɗaga hannu a tsayar da kyamara.

"Habu, wannan muryar wa ce?"

"Ta wani ce kawai, Malam."

"Ta mai naman bakin kasuwar Tarauni ce, na gane shi. Cire. In na gane shi, matarsa ma za ta gane shi. Canja masa tafiya, canja masa sana'a, sannan ka dawo."

Kai, abin nan yana ƙona mini rai! Ina ganin tsoro ne kawai da son nuna iko. Da kasuwar faifai ta mutu, waya ta cinye komai, Malam Sabo ya koma sayar da hula, mu kuma muka watse. Na yi wata da watanni ina zaga unguwa ba aikin fari ba na baƙi. In zauna a gida ba na iyawa, in fita ban san inda za ni ba. Ina nan sai wani abokin sana'a ya nuna mini yadda yake yi: ka buɗe zaure a waya, duk mai son shiga ya turo kuɗin wata kai tsaye cikin asusunka, kai kuma ka riƙa saka musu sabon wasa. Ba ɗan kasuwa, ba darakta, ba mai ce maka cire. Ranar har rawa na taka a tsakar gida. Na ce wa mahaifiyarku daga yau ni da masoyana ne, ba kowa a tsakaninmu.

Aka kuwa shigo. Su wa suka shigo? Ba mutanen nesa ba ne irin na zamanin faifai, waɗanda ba ka san fuskarsu ba. Mutanen unguwa ne: 'yan adaidaitar da ke layi a bakin titi, teloli, masu shagon caji, ɗaliban asibiti, nas-nas masu jiran canjin aiki, sai 'yan Hotoro da Darmanawa. Ka saka wasa yanzu, kafin ka kurɓi ruwa an fara turo maka saƙon murya ana ƙyaƙyata dariya. Daɗin wannan ba ya faɗuwa. Amma ba wanda ya gaya mini cewa wanda ya biya ka da hannunsa gani yake ya saye ka. In na kwana biyu ban saka komai ba, sai waya ta fara ƙara. Malam Habu lafiya? Malam Habu mun fa biya. Malam Habu na jiya bai yi daɗi ba, ka tsufa ne? A zamanin faifai wasa huɗu nake yi a shekara. Yanzu ana son uku a mako. Na daina cin abinci a zaune. Ina alwala ina jin wayar tana ruri a aljihu. In fita tun da safe in taka har kasuwar Tarauni in dawo, ba sayen komai, sai kallon mutane kamar ɓarawo, ina neman wanda zan sace wa murya. Na yi mai faci, na yi dillalin gidaje, na yi mai maganin gargajiya da lasifika. Cikin wata biyar rijiyar ta ƙafe, mutane suka fara fita daga zauren ɗaya bayan ɗaya, kowace fita kuma wayar sai ta nuna mini.

Ran nan Dije ta zo da wata takarda daga makarantar autarta, na karanta mata a zauren gida, ta zage ni ta tafi. Ina kallon bayanta abin ya faɗo mini. Ko minti goma ban yi ba na ɗauko zanin mahaifiyarku da ɗankwali, na kifa kwano a matsayin tanda, na jingina waya a kan taga. Na yi mai waina mai faɗa da masu saye, wadda duk takardar da aka miƙo mata sai ta shafa ƙirji ta laluba zani ta ce ta manta tabarau. A ƙarshe aka miƙo mata takardar da aka rubuta cewa ita ce ta ci wata kyauta, ta naɗe waina da ita. Ban canja tafiya ba, ban canja sana'a ba, ko yadda take jan "kash" ɗin ban rage ba. Mahaifiyarku tana bakin murhu tana kallona. Ba ta yi dariya ba.

"Malam, wannan ai Dije ce."

"To sai me? Taubashiyata ce. Abin da ya fi wannan ma na faɗa mata a gaban jama'a."

"A gabanta kake faɗa, ta rama. Wannan a ina za ta rama?"

"Ke dai ba ki san sana'a ba."

"Ban sani ba kam. Amma maganar tabarau ɗin nan, gaskiya ce ko ƙirƙira ka yi?"

Na ɗauko wayar daga kan taga. Ta dube ni, ta gane, ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Ni kuwa na danna na tura. Ga abin da na gaya wa kaina, kuma ina so ku ji shi don ku san yadda mutum yake yaudarar kansa: na ce al'ada ta ba ni dama, taubashi ba ya fushi da taubashi, duk abin da na yi wa Dije halal ne. Na manta cewa wasan taubasai na mutum biyu ne, ido da ido, kuma kyauta ake yin sa.

Wasan ya karɓu fiye da duk abin da na taɓa yi. Waɗanda suka fita suka dawo, suka jawo wasu. Kwana uku ina yawo ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A rana ta huɗu na ce bari in biya wajen Dije in sha zagina, don na ɗauka iyakar abin ke nan, ta ce mini mummuna mai zanin mata, a yi dariya a wuce. Na iso ƙofar asibiti da safe, layi ya fi na kullum tsawo. Wasu ɗalibai uku da fararen riguna suna gaba, ɗayansu ya ɗaga waya yana ɗauka. Na tsakiyar ya yago takarda daga littafinsa ya miƙa mata.

"Hajiya, don Allah duba mana wannan, me aka rubuta?"

Hannun Dije ya tafi ƙirjinta da kansa, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Ta buɗe baki.

"Kash, na man..."

Sai layin gaba ɗaya ya fashe da dariya, har da masu tafi. Ta tsaya da hannu a ƙirji tana dubansu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane ba. A lokacin wani ɗan adaidaita ya hango ni ya yi ihu, ga mai wasan nan da kansa, ga Malam Habu! Ya matso ya kunna mata bidiyon a fuska. Ta kalla har ƙarshe. Wainar da ke kan tanda ta ƙone, hayaƙi yana tashi, ba ta juya ta ba. Da ya ƙare ta ɗago ta dube ni. Na jira zagin, wallahi har addu'a nake ya zo.

"Haba baiwa," na ce, "wasa ne fa."

Ta juya ga tandarta. Ta kwashe ƙonanniyar wainar ta zubar, ta zuba sabon ƙullu, ta tambayi na gaba ta nawa za a ba shi.

Da a nan na tsaya, da wataƙila yau ba na wannan rubutun. Amma zauren ya kama wuta, kowa sai a yi kashi na biyu. A kai mai tabarau banki, a kai ta rumfar zaɓe, a ba ta takardar magani. Wasu suka ce in ba a yi ba ba za su sabunta ba. Na yi mako guda ina kai da kawowa tsakanin gida da titi, in ɗauko zanin in ajiye, in sake ɗaukowa. A cikin makon na haɗu da Malam Sabo a rumfarsa ta huluna a Tarauni. Ashe har wajensa abin ya kai.

"Habu, na ga mai wainarka," ya ce. "Na gane ta."

"Malam, zamanin cire-cire ya wuce. Yanzu masu kallo ke faɗar abin da suke so."

"Masu kallo ba su taɓa cewa a cire komai ba, Habu. Ba aikinsu ba ne. Da aikina ne, yanzu ya zama naka."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata tsohon da kasuwa ta kayar ne yake mini baƙin ciki. Da wannan fushin na koma gida na ɗaura zani na yi kashi na biyu, bayan na ga fuskar Dije da idona. Wannan ne abin da mahaifiyarku take ɓoye muku. Na farko za a iya cewa kuskure ne. Na biyu da sanina na yi shi.

Bayan mako uku cika-ciki ta zo. Tun da safe na sa sabon kuɗi a aljihun gaba, na fito da kujera tsakar gida na zauna. Zaman bai yiwu ba, na tashi na leƙa waje, na dawo, na sake leƙawa. Ina gaya wa kaina in dai ta zo da tsintsiyar nan ta tura mini ƙasa a ƙafa, shi ke nan, an wuce wurin. Da hantsi sai ga sallamarta. Ta shigo da mayafi har ƙasa, hannunta ba komai. Ta zo gabana ta durƙusa, gwiwa biyu, Dije fa, wadda ta taɓa zuba mini ruwan wanke-wanke a ka ranar aurena.

"Alhaji, ina kwana. An tashi lafiya? Ya iyali? Allah ya maimaita mana."

Alhaji! Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na yi dariyar dole na zaro kuɗin na miƙa mata.

"Ke baiwa, ina tsintsiyar? Karɓi nan."

"A'a Alhaji, ai ban yi shara ba. Allah ya ƙara arziki."

Ta tashi ta gaisa da mahaifiyarku, ta fita. Na bi ta da kallo da kuɗi a hannu. An zage ni a duniya, an jefe ni da ledar ruwa a dandali, 'yan kasuwa sun wulaƙanta ni, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini zafi kamar gaisuwar nan ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, ni da furfurata.

A ranar na goge wasannin biyu, na yi wa zauren saƙon murya na ce mai tabarau ta mutu, kada wanda ya sake tambayata. Na ce matar da kuke zuwa kuna miƙa wa takarda 'yar'uwata ce, duk wanda ya sake, ni da shi ne. Wasu suka ba ni haƙuri, wasu suka ce na cika son girma, da yawa suka fice, har da waɗanda suka fi kowa kirana gwani. Gogewar ma ba ta yi wani amfani ba, don abin ya riga ya bi wayoyi, har yau ana turawa. Dije ta tashi daga ƙofar asibiti, wurin da ta yi shekara ashirin, ta koma suya a cikin lungunsu inda ciniki bai kai rabi ba. Na je har gida sau uku. A na ukun ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi, ta zauna nesa ta saurare ni har na gama.

"Na yafe maka, Alhaji, duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"To ki zage ni mana, Dije. Don Allah ki ce wani abu a kan kunnuwan nan."

"Wane ni," ta ce. "Ka gaida gida."

Zauren yana nan har yau, da shi na aurar da biyu daga cikinku, ba zan yi butulci in ce bai yi mini rana ba. Sai dai yanzu duk wasan da na ɗauka sai ya kwana, sai mahaifiyarku ta kalla. In ta ce ta gane mai shi, na goge, ko da zauren zai yi ta ƙara har la'asar. Aikin Malam Sabo ne na ba ta, shi kuwa ya rasu ban koma na ce masa ya yi gaskiya ba.

Dije ba ta sake kawo mini takarda ba. Na daɗe ina tunanin wa yake karanta mata, sai bara na ji ashe makarantar manyan mata ta shiga a Darmanawa, tana zuwa bayan ta sauke tanda. An ce yanzu tana karanta saƙon wayarta da kanta, a hankali, tana bi da yatsa. An ce har tabarau ta yanka, na gaske, don idon ya fara rauni.

Saboda haka, Nafisa, in kun gama karanta wannan, ki ɗauka ki kai mata, da hannuna na rubuta ba da na'ura ba. Kada ki karanta mata, kada ki ce ina neman gafara, wannan ta riga ta ba ni. Ki miƙa mata kawai ki zauna. Na san rubutuna, kamar kaza ta yi tono yake, Dije kuwa ba ta taɓa ganin abu mummuna nawa ta iya yin shiru ba. In ta ce wani abu a kai, ko kalma ɗaya ce, kada ki gyara, kada ki sassauta, ki kawo mini shi yadda ta faɗa. Cika-ciki saura kwana tara. Na sayi sabuwar tsintsiya na jingine a bayan ƙofar zaure, ko da za ta ce ta manta tata a gida.